A Bar Shi Ya Zauna

Yanzu idan gari ya waye a unguwarmu ta Sarkin Dawaki, abin da ke fara shiga kunnena kukan injin niƙa ne da hon ɗin masu keke napep, sai janareton maƙwabta da ke ta tari ba ya gajiya. Da can turmi ne ke tashin mu. Tun rana ba ta leƙo ta bayan duwatsu ba za ka ji taɓarya ta faɗa a gidan Fulanin da ke gabas da mu, wata ta amsa daga gidan Jukunawa, kafin ka ankara duk unguwa ta ɗauka. Ina kwance a kan tabarma nakan gane wadda ke daka, da abin da take dakawa, har da ko ta kwana da fushin mijinta. Surfen masara da muryarsa, dakan dawa da tasa, kirɓin sakwara kuwa shi ne mai taushin murya. Na yi shekaru ina hana zuciyata waiwayen wannan zamani. Abin da ya dawo mini da shi kwana tara ke nan da faruwarsa: jikata ta zame a kan tayil tana goge ɗaki, ta dafa ƙasa da hannun dama, gwiwar hannun ta goce. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin na ga ana shirin bi da ita hanyar da aka bi da ni, kuma ni kaɗai a gidan nan na san inda take ɓullewa.

Ina kamar shekarunta lokacin da nawa ya same ni, sha huɗu ko sha biyar, wa ke ƙirga wa 'ya mace shekaru a lokacin? Ba yabon kai ba, duk unguwar babu yarinyar da ke kama ƙafata a lugude. Mu uku a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, ni kuwa sai in cilla taɓarya sama, in tafa sau uku, in cafe ta, ban ɓata wa kowa bugu ba. Idan ana biki har aike ake yi wa mahaifiyata a ba da aro na. Jalingo a lokacin ba ta zama babban birnin jiha ba, bayan gidan ƙarshe sai gona, kuma duk wankinmu da ɗiban ruwanmu a rafin Mayo Gwoi ne. Jikokina idan na ba su labari sai su yi ta kallona kamar na ce mun yi zama da aljanu. Su ba su san cewa da hannu ake gane yarinya ba, da shi take suna, da shi ake sha'awarta.

Mahaifiyarmu, Inna muke ce mata, daga can ƙasar Hausa aure ya kawo ta, kuma har ta koma ga Allah ba ta bari an manta da haka ba. Hausar Jalingo dariya take ba ta. Idan mai nono ta ce mata "kishiyana ya haihu", ko mai doya ya ce "matata ya tafi kasuwa", sai ta danne dariyar har su fita, sannan ta kwaikwaye su tana dariya har da hawaye. Mu kuwa idan bakinmu ya kuskure muka ce "Inna ya ce", ranƙwashi ne ke biyo baya. Ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Mace ce mai baki goma sha ɗaya a wuyanta, kuma abin da ta tsana a duniya shi ne ta ga 'ya mace zaune hannu biyu a kan cinya. "Wa ya mutu kike zaman makoki?" haka take tambaya, kafin ta rufe baki kin miƙe.

A ƙarshen damina abin ya faru, lokacin da duwatsun bakin rafi suka yi gansakuka. Na ɗora tulu ke nan na juya, ƙafata ta tafi. Na miƙa hannun dama in tare ƙasa, sai na ji wani sauti a cikin jikina, ba a kunne na ji shi ba, a haƙora na ji shi. Da na duba, hannun ba nawa ba ne. Ƙashin gwiwar ya turo baya, hannun ya gajarce, yatsuna biyu na ƙarshe sun mutu. Mahaifinmu yana fatauci ba ya gari, don haka Inna ce ta yafa mayafi ta tare wata motar doya, ta kai mu wani ƙauye a kan hanyar Sunkani, inda akwai wani tsoho ɗan ƙabilar Mumuye mai ɗori da ake zuwa wurinsa daga ko'ina. Mun same shi yana ɓarar gyaɗa a gindin ɗorawa. Ya sa matarsa ta rungume ni ta baya, ya kama wuyan hannuna yana ja a hankali yana mini tambayoyin banza, ko na iya tuƙa tuwo, ko an yi mini miji, sai kawai ya danna da babban yatsa. Ƙwas! Na yi ƙara ɗaya, azabar ta sauka kamar an sauke mini tulu.

Amma tsohon bai saki hannun ba. Ya daɗe yana lalube a gefen gwiwar, ciki da waje, yana karkata ta kaɗan yana sakewa, fuskarsa ba walwala. Sannan ya shafa man kaɗanya da wani ganye, ya naɗe da tsumma, ya rataya mini hannun a wuya. Ya dubi Inna ya ce, da irin tasa Hausar, "Mama, ƙashi bai karye ba, ya koma gidan shi. Amma igiya na ciki ya yage." Ya turo baki wajen da nake zaune ya ce, "A bar shi ya zauna kwana arba'in. Kada a taɓa shi."

Inna ta ce, "Bai karye ba? Alhamdu lillahi! To, Baba, za a bar shi."

A hanyar dawowa ta yi ta maimaita "igiya ya yage" tana dariya, ni ma ina taya ta, don ciwo ya lafa kuma ina son ganin dariyarta. Ba wadda ta tsaya ta tambayi kanta wane ne "shi". A Hausar Inna, shi tsumma ne, shi ɗauri ne. 'Yarta kuwa ita ce.

Kwana uku aka bar ni. Rana ta huɗu kaka ta kama, an yi gayyar girbi a gonar gidanmu, ga ƙarti ashirin da za a ciyar. Inna ta dubi hannuna ta ce, "Ai ba karaya ba ce. Ɗaurin ya ce a bari, ga shi nan ba wanda ya taɓa." Ta zare ratayen wuyan, wai wannan don jijjigar mota aka yi shi. Na fara da shara, na koma tankaɗe, na koma jan guga. Hannun yana mini wani irin lilo daga ciki, kamar ƙofar kara da igiyarta ta saki, amma tunda ƙashi bai karye ba, kunya nake ji in yi ƙorafi. Kuma kada in ɗora wa matacciya laifi duka. Ran kwana sha ɗaya ƙawayena biyu suka shigo taya mu daka, na ji bugunsu ya rasa na uku, zuciyata ta yi ta ƙaiƙayi. Ba wanda ya ce in ɗauki taɓarya. Na ɗauka, na shiga, na cilla ta sama, na tafa, na miƙa hannu in cafe. Taɓaryar ta faɗi can, ni na faɗi nan.

Da muka koma, tsohon yana ganin hannuna ya watsar da gyaɗar da ke cinyarsa. Bai ko amsa gaisuwar Inna ba.

"Me ya yi?"

Inna ta ce, "Daka ta ɗan taɓa."

"Daka! Ban ce a bar shi ya zauna ba?"

"Ai mun bar shi, Baba. Duba ka gani, yadda ka ɗaure haka yake, ko ruwa bai taɓa ba."

Tsohon ya tsaya yana kallonta, sannan ya kama tsumman ya girgiza. "Wannan? Ina ruwana da tsumma, Mama? Shi! Shi na ce!" Ya sa yatsa a ƙirjina har sau uku. "Yarinya! Shi ne zai zauna!"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. A motar dawowa hannuna ta tallafe a cinyarta tun daga ƙauyen har gida. Daga ranar har mutuwarta ban sake jin ta kwaikwayi Hausar kowa ba, ko mai nono ta ce "saniyana ya mutu", sai dai Inna ta ce Allah ya mayar da alheri.

Ya sake mayar da ƙashin, na kuma zauna kwana arba'in cur, Inna na ba ni abinci a baki. Amma tun a ranar ya gaya mana gaskiya, ya ce igiyar da ta yage sau biyu ba ta kamawa yadda take, ƙashin zai riƙa leƙowa waje yana komawa. Haka kuwa aka yi, fiye da shekara hamsin ke nan. Ba ciwo ba ne da ake gani a tausaya maka, ba kumburi, ba miki. Hannu ne da ba ka isa ka amince masa ba. In na miƙe shi tafin yana sama, sai in ji ƙas, ya zame, wani sanyi ya sauka har ƙaramin yatsa. In na dafa ƙasa zan tashi daga tabarma, ya ci amanata. Na koyi riƙe shi a lanƙwashe a ƙarƙashin mayafi, na koyi jan guga da hagu, na koyi tashi da gwiwoyin ƙafa kaɗai. Ranar biki sai a ba ni tsintar shinkafa cikin tsofaffi, ina jin lugude a bayan ɗaki, wata tana cilla taɓarya tana tafi ɗaya ana mata guɗa. Dangin mijina sun yi ta cewa an kawo musu mai sanyin jiki. Na haɗiye wannan duka, da a nan abin ya tsaya da ban ce komai ba.

Ɗana na fari yana wata biyar, wata rana da hantsi na kama shi ta damtse zan juya shi baya in goya, yadda kowace uwa ke yi ba tare da tunani ba. Yana tsakanin sama da ƙasa hannun ya zame. Yaron ya faɗa a kan dutsen murhu, girarsa ta hagu ta tsage, jini ya rufe masa ido. Bai yi kuka nan take ba, kuma wannan ɗan shirun har gobe ina jin sa. Da uban ya dawo na ce daga gado ya mirgino. Inna kaɗai ta gane, ta dubi girar ta dubi hannuna, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Sauran 'ya'yana shida duk a zaune na goya su, ban sake ɗaga jariri ina tsaye ba, har jikokina. Wannan yaron shi ne mai gidan da nake zaune yanzu, shi ne uban yarinyar da ta zame. Tabon na nan a girarsa, shi ma gado yake zargi. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na kallon tsakiyar idonsa, maganarmu ta gefe ce tun yana yaro, to ta ina zan fara?

Ranar da jikata ta faɗi na nace sai da aka tafi da ni asibiti. Yanzu ba gindin ɗorawa, ba matar da za ta rungume ka, allura aka yi mata ta yi barci, aka mayar da ƙashin, aka ɗauki hoto. Likitar wata yarinya ce 'yar kudu, Hausarta irin ta kasuwa, amma tana da kirki. Ta ɗaga hoton a fitila ta ce wa ɗana, "Baba, ka gani, babu karaya, ƙashi ya koma. Amma jijiya da yake riƙe shi ya yage, hoto ba ya nuna wannan. Dole a bar shi ya huta."

Na ji kamar an watsa mini ruwan rafi. Na ce, "Likita, don Allah tsaya. Wa za a bari? Hannun, ko ɗaurin, ko yarinyar?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, duka! Shi yarinya ba zai ɗauki kaya ba, ba zai yi daka ba, ba zai dafa ƙasa da shi ba, sai na ce. Bayan sati biyu ku kawo shi a fara koya wa hannu motsi kaɗan-kaɗan."

Na juya in ga ko ɗana ya ji. Yana waya, yana gaya wa matarsa, "Alhamdu lillahi, ba karaya ba ce."

Ba zan ce mugaye ba ne su ma. Matarsa ta haihu kwana biyu bayan faɗuwar, tana ɗaki tana wankan jego, yarinyar nan ita ce babba, sauran duk maza ne ƙanana. Gida ya cika da 'yan barka, ga suna ya matso. Ran kwana biyar na ga an zare ratayen wuya wai yana hana ta sa hijabi. Ran kwana shida na gan ta da tsintsiya. Ran bakwai na kama ta tana jan jarka daga bakin famfo, na yi mata tsawa, ta ce, "Kaka, ba ya mini zafi fa." Ni ma haka na ce. Na aika wa uban ta bakin ƙanwarsa, ya aiko cewa in kwantar da hankalina, ya ga hoto da idonsa. Hoto! Na zauna a ɗaki ina kuka kamar yarinya, ina ce wa Allah, wannan hannu ɗaya da aka ɓata a zuriyarmu bai isa ba?

Jiya da la'asar dangin mai jego suka iso daga unguwar Majidaɗi, aka dafa musu doya. Ina ɗaki na ji an jawo turmi, na ji muryar wata baƙuwa tana cewa, "Ina 'yar gidan? Zo ki nuna mana an koya miki." Ban san lokacin da na fito ba. Yarinyar ta riga ta riƙe taɓarya, uban yana tsaye a bakin zaure yana murmushi. Na ce a ajiye, aka yi dariya, wata ta ce tsofaffi da son jika. Sai na zauna a ƙasa daɓas a gaban turmin, na yaye mayafin da na yi shekara hamsin ina ɓoye hannun a ciki. Na kafa tafin a kan siminti, na ɗora nauyina a kai kamar zan tashi. Na san abin da zai faru, kuma na ji tsoronsa, amma na danna. Ƙas ɗin da ya yi har baƙin da ke nesa sun ji. Gwiwar ta turo gefe a gaban idonsu, na kife a kan kafaɗa.

Ɗana ya taho da gudu yana cewa, "Dada! Dada, me ya kai ki?" Haka yake kira na tun yana yaro, yadda 'ya'yan Fulanin unguwa ke kiran uwayensu. Na ɗaga hagu na tsayar da shi, na dubi tsakiyar idonsa, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Nawa ma ba karaya ba ce. Taɓa girarka."

Ya taɓa, bai gane ba.

"Ba daga gado ka faɗo ba. Daga hannun nan ka faɗo, kana wata biyar, a kan dutsen murhu. Ni na yar da kai, na yi wa ubanka ƙarya. Kwana sha ɗaya da gocewarsa na ɗauki taɓarya, shi ke nan abin da na yi. Kana so wata rana 'yarka ta yar da nata?"

Ɗana ya daɗe yatsansa na kan tabon. Sannan ya taka ya zare taɓaryar daga hannun 'yarsa, ya jingine ta a bango, ya ce wa ƙanwarsa a kawo ratayen wuyan nan duk inda aka jefa shi. Na ce masa, "A bar ta ta zauna. Ita na ce, ka ji ni da kyau? Ita."

Ya ce, "Na ji, Dada."

Ban sani ba ko mun makara. Jarkar nan da ta ja tana tsaye a raina, kuma sai ranar komawa asibiti likita za ta lalube gwiwar ta faɗa mana ko igiyar ta soma kamawa. Bayan suna baƙi za su watse, aiki ba zai watse ba, mutane kuma suna mantuwa da ciwon da ba ya jini. Nawa hannun ya kumbura kamar doya, ko cokali ba ya riƙewa, ban kuma damu ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya biyo baya. Ina nan a ƙasa na kasa tashi, gwiwoyin ƙafa sun tsufa, hannun da zan dafa babu. Yarinyar ta sunkuyo tana hawaye ta miƙo mini hannu ta ɗaga ni, kuma na dama ta miƙo, don shi ta saba miƙawa. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗan kowa ba.

"Ba da wannan ba! Mayar da shi!"

Ta ce, "To Kaka, yaya za ki tashi?"

Na ce, "Ba zan tashi ba. Zo ki zauna."

Ta zauna kusa da ni a kan siminti, hannunta a cinyata, yadda Inna ta tallafe nawa a motar doya. Doyar baƙi ta huce a tukunya, aka ci ta da manja haka nan. Ni da na ƙare rayuwata ina kewar muryar turmi, jiya na zauna a gindinsa har magariba ina gadin kada ya yi magana.